Yadda Mai Bi Zai Nemi Kwanciyar Hankali Cikin Almasihu

Akwai wata sa'a da duk wanda damuwa ta taɓa shaƙe wa wuya ya sani, wajen ƙarfe biyu zuwa uku na dare. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kowa a gida yana barci, kai kuwa idonka biyu. Kana lissafin kuɗin makarantar yara, da bashin da ke kanka, da labarin da aka turo maka da yamma cewa 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye ta wajen Batsari ko Faskari inda kake da dangi. Gari ya waye, aka ce maka "Ina kwana?" ka ce "Lafiya lau." Ranar Lahadi kuma ka miƙe cikin majami'a kana rera waƙar salama, alhali zuciyarka kamar tukunya a kan murhu.

Na yi kusan shekara biyu cikin wannan hali a nan Katsina, ina koyar da darasin Lahadi, ba wanda ya sani. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar da na bi, da taimakon wani dattijon ikilisiyarmu, har barci ya dawo mini. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yar'uwa, har da ke nake.

Kafin komai, mu san abin da muke nema. Maganar da Yesu ya yi cewa salamarsa yake ba mu, ba irin wadda duniya ke bayarwa ba (Yahaya 14:27), ya yi ta ne a daren da za a kama shi. Bulus kuma yana ɗaure ya rubuta wa Filibiyawa zancen salamar Allah wadda ta fi gaban ganewar mutum. Ke nan wanda yake jiran sai tsaro ya dawo, sai farashin masara ya sauka, sai an biya shi albashi kafin hankalinsa ya kwanta, wani abu dabam yake jira. Salamar da aka yi mana alkawari ana samunta ne tun wahalar tana nan.

Mataki na farko: kira damuwar da sunanta

Sami littafin rubutu, ko irin na 'yan firamare ne, da biro. Zauna kai kaɗai ka rubuta duk abin da yake hana ka sukuni, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ado ba. Kada ka rubuta "matsalar kuɗi". Rubuta sunan wanda yake bin ka, da nawa ne, da ranar da ka yi alkawarin biya. Damuwar da ba a faɗi sunanta ba kamar ƙurar hunturu take, ta rufe ko'ina, ba ka san ta inda za ka kama ta ba.

Daga nan sai ka kasa su kashi uku. Akwai abin da kai ka jawo da hannunka. Akwai abin da ba laifinka ba ne amma kana da abin yi a kai. Akwai kuma wanda ya fi ƙarfinka gaba ɗaya. Ranar da na yi nawa, abu goma sha ɗaya na rubuta. Na ɗauka dukansu na kashi na uku ne, sai ga huɗu a kashi na farko. Wanda bai iya rubutu ba ya faɗa da baki, ya ajiye tsakuwa ɗaya a madadin kowace damuwa, ya kasa su haka nan.

Mataki na biyu: fara da tsakaninka da Allah

Kashi na farko shi ake fara taɓawa. Dawuda ya ce lokacin da ya yi shiru bai furta laifinsa ba, har ƙasusuwansa suka lalace saboda nishi dukan yini (Zabura 32). Duk wanda ya taɓa ɓoye abu a ransa ya san wannan ciwon. Durƙusa ka faɗa wa Allah abin da ka yi da ainihin sunansa, ƙarya ce, cin amana ne, zina ce, ha'inci a mudu ne. Wasiƙar Yahaya ta fari 1:9 ta ce in mun furta, shi mai aminci ne, zai gafarta. In kai ɗan Katolika ne, je wurin fada, wato firist, ka yi ikirari, kada ka ɗaga sai wani mako. In akwai haƙƙin wani a hannunka, mayar masa, ko da kaɗan-kaɗan ne, kamar yadda mai karɓar harajin nan na Yariko ya yi alkawari a Luka 19.

Sai dai ga inda da yawa daga cikinmu muke maƙalewa. An furta, an nemi gafara, amma kowane dare sai mu sake tono kabarin. Karanta Romawa 5:1 da 8:1 a hankali. Sulhunmu da Allah ya tsaya ne a kan abin da Almasihu ya riga ya yi a kan gicciye, ba a kan yadda zuciyarka take ji da safiyar yau ba. Rubuta kwanan watan da ka furta a gefen abin, ka ja layi a kai. Duk ranar da tunanin ya dawo, buɗe littafin ka duba kwanan watan.

Mataki na uku: kafa lokacin asuba

Mu Kiristocin Katsina muna da agogon da ba ya saɓa lokaci. Kiran sallar asuba yana shigowa ɗakinmu kamar yadda yake shiga na maƙwabtanmu Musulmi. Na daɗe ina juyawa in ja mayafi, sai dattijon nan ya ce mini, "Ɗana, maƙwabcinka ya tashi cikin sanyin nan ya nemi ruwa don ya tsaya gaban Allah, kai me ya kwantar da kai?" Ubangijinmu ma da sauran duhu yake tashi ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a (Markus 1:35). Tun daga ranar, in an kira, nakan tashi.

Minti ashirin nake ɗauka, ga yadda nake raba su. Waya tana nesa, ba a taɓa ta. Minti biyu ko uku na fari shiru ne kawai, ka zauna a kan tabarma ko kujera, ka ja numfashi a hankali ka sake shi, kana maimaita gajeriyar addu'a a zuci, kamar "Ya Yesu, ka yi mini jinƙai." Tunani zai yi ta tsalle zuwa kasuwa da ofis. Kada ka yi faɗa da shi, dawo da shi kan addu'ar kamar yadda ake juyo da akuya da igiyarta.

Sai karatu, wajen minti bakwai. Kada ka ɗauki mai yawa. Fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kacal, rabin sura a rana ya isa. In ka gama ka shiga Filibiyawa, sura 4. Zabura kuwa guda 150 ce, in kana ɗaukar ɗaya kowace safiya za ta kai ka wata biyar. Shawarata ita ce ka karanta da Hausa, kuma da murya, ko da ka iya Turanci. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu, kakanninmu a ƙauyukan Malumfashi da Kafur da shi suka koyi baƙi, kuma akwai wani lungu a zuciyar mutum da ba ya buɗuwa sai da harshen da uwarsa ta yi masa rarrashi. In ka ci karo da ayar da ta taɓa ka, tsaya nan. Maimaita ta sau uku, rubuta ta a 'yar takarda ka sa a aljihu.

Ragowar lokacin na addu'a ne, kuma Filibiyawa 4:6 ta ba mu tsarinta: roƙo tare da godiya. Fara da abu uku da za ka gode a kansu, na jiya, ƙanana, waɗanda ka gani da idonka. Yaro ya warke daga zazzaɓi, an sami ɗumame da safe, babur bai mutu a hanya ba. Sannan ka buɗe littafinka. Daga kashi na biyu zaɓi abu ɗaya tak da za ka yi a kai yau, ka roƙi ƙarfin yinsa: zuwa wurin mai bin ka bashi ka yi masa bayani, ko kai takardar neman aiki. Kashi na uku kuwa ka karanta su ɗaya-ɗaya, bayan kowanne ka ce, "Uba, wannan ya fi ƙarfina, na bar shi a hannunka." Abin da Bitrus yake nufi ke nan da ya ce mu jibga masa dukan damuwarmu domin yana kula da mu (1 Bitrus 5:7). Za ka ga ka sake ɗaukar kayan kafin azahar. Ba komai. Gobe ka sake saukewa.

Uwar da yara suke tashi da ita tun duhu, ko mai gadin da yake kwana a bakin aiki, ya nemi wani lokacin da ya dace da shi. Muhimmin abu shi ne lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kowace rana. In ka tsallake kwana biyu, ci gaba daga inda ka tsaya, ba a rama shi.

Mataki na huɗu: koyi kuka a gaban Allah

An rene mu da cewa haƙuri maganin zaman duniya, da kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne a tsakanin mutane. Amma mun ɗauki wannan kunyar mun shiga da ita har cikin addu'a, muna gaishe da Allah kamar suruki, muna ce masa lafiya lau. Zabura 13 sau huɗu take tambayar Allah "har yaushe" a ayoyi biyu na farko. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, babu ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, kuma an bar ta cikin Littafi. Wanda aka kashe masa ɗan'uwa a gona, wadda aka sayar da shanu da hatsin gida don a fanso mijinta, yana da izinin ya ce, "Ya Allah, ina kake a ranar?" Faɗa masa. Yi hawaye in sun zo. Ni ban san wani abu da ya sauke mini nauyin ƙirji kamar ranar da na daina yi wa Allah kara ba.

Mataki na biyar: gafara

A nan zan daɗe, domin a nan nawa ciwon yake. Bayan rasuwar mahaifinmu, wani ɗan'uwansa ya shigar da rabin gonarmu ta ƙauye cikin tasa, ya tuge itatuwan da suke kan iyaka. Mutumin da nake kira Baba. Shekara uku ban taka gidansa ba, in mun haɗu wurin biki ko jana'iza sai in sauya hanya. Kuma duk wannan lokaci ina karanta Addu'ar Ubangiji, ina roƙon a gafarta mini kamar yadda nake gafarta wa waɗanda suka yi mini laifi. Ashe da bakina nake ɗaure kaina.

Ga abin da na koya. Gafara shawara ce da ake yankewa a gaban Allah, kuma tana riga sanyin zuciya zuwa, wani lokaci da watanni. Ka faɗi sunan mutumin, ka faɗi abin da ya yi ba tare da ragewa ba, sannan ka ce, "Na saki ramuwa, na bar shari'ar a hannunka" (Romawa 12:19). Bayan haka ka riƙa yi masa addu'ar alheri kowace safiya. Makon farko kalmomin za su yi maka ɗaci kamar maɗaci. Ci gaba.

Sai zuwa wurinsa. Matiyu 18:15-16 ta ce ka fara zuwa kai kaɗai, in bai saurara ba ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. A al'adarmu yaro ba ya tunkarar babba da irin wannan magana kai tsaye, saboda haka na fara da gaisuwa kawai. Na je da goro da sabulu, na durƙusa na ce, "Baba, na zo gaishe ka ne, na daɗe ban zo ba, ka yafe mini." Ban ambaci gona ba. Sai a zuwa na uku, tare da wani kawunmu da dattijon ikilisiya, aka buɗe zancen.

Kada wani ya ruɗe ka cewa gafara tana nufin ka bar haƙƙinka. Maganar gonar ta je gaban mai gari, aka kira waɗanda suka san iyaka, aka mayar mana da wani sashe, wani sashen bai dawo ba har yau. Amma na je wurin ba da wuta a ciki ba. Haka kuma macen da mijinta yake duka, gafara ba ta ce ta zauna a kashe ta ba. Ta nemi mafaka wurin iyayenta, ta sanar da shugabannin ikilisiya, ta yi aikin gafarar daga inda ranta yake a tsare. Bulus ya ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake wajenku, ku zauna lafiya da kowa (Romawa 12:18). Ya san akwai wanda ba zai karɓi sulhu ba. Naka shi ne ka buɗe ƙofa.

Maganar 'yan bindiga kuwa, ba zan gaggauta kowa ba. Wanda aka zubar da jinin nasa ya fara da mataki na huɗu, ya daɗe a can yadda yake bukata. Abu ɗaya kawai nake roƙo: kada zafin ya sa ka ɗora laifin a kan kabila ko addini gaba ɗaya. Maƙwabtanmu Musulmi a Jibiya da Safana da Ƙanƙara sun binne nasu fiye da yadda za a ƙirga, hawayenmu ɗaya ne.

Mataki na shida: kula da jiki

Annabi Iliya ya gudu cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Dubi abin da Allah ya fara yi masa a 1 Sarakuna 19. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Magana sai daga baya. Saboda haka ka ci abinci a kan lokaci, ka sha ruwa sosai musamman a bazara, ka rage shayi mai kauri da goro bayan la'asar. Bidiyon gawarwaki da ake turawa a WhatsApp, daina buɗe su. Saurari labarai sau ɗaya a rediyo, ya isa ka san halin da ake ciki.

In kuwa ka yi mako biyu ko fiye ba ka jin daɗin komai, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace, ko tunanin kashe kanka yana zuwa maka, faɗa wa wani a yau ɗin nan kuma ka ga likita. Je babban asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a auna jininka, ka faɗi gaskiyar abin da kake ji. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, shan maganin kuma ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. A ƙasar Katsina ma, da yawa sun fara jin sunan Yesu ne a wurin jinya, a Babbar Ruga, inda 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka riƙa kula da kutare tun shekarun 1930.

Mataki na bakwai: kada ka ɗauka kai kaɗai

A Getsamani Yesu ya ja Bitrus da Yakubu da Yahaya gefe, ya ce musu ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu. In shi ya faɗa wa mutum uku, kai ma nemi mutum ɗaya. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace, mai riƙe sirri, wanda ya girme ka a bangaskiya. Ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a mako, ko a waya ne, ka karanta masa abin da ke littafinka, ku yi addu'a.

Bahaushe Kirista yana da wani kaɗaici nasa na dabam. A gari ana mamakin yadda Bahaushe zai zama Kirista, a wasu majami'un birni kuma ana yi masa kallon baƙo. Shi ya sa nake ƙarfafa ka ka nemi sujadar Hausa, ko a ECWA, ko Anglika, ko Baptis, ko Katolika, inda za ka rera waƙa da kalangu da harshenka. Mata su riƙe Zumuntar Mata da kyau, na ga yadda suke ɗauke wa gwauruwa nauyi da kwanon hatsi da zaman makoki. Da aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katolika ta Katsina a 2023, har waɗanda ba 'yan Katolika ba sun ji a ransu cewa ashe an san muna nan.

Gargaɗi ɗaya. Mai damuwa kasuwa ce ga mayaudara. Duk wanda ya ce sai ka biya kafin ya yi maka addu'a, ko ya sayar maka da mai ko ruwa, ko ya ce mahaifiyarka ce take cin kurwarka, tashi ka bar wurin. Bitrus ya tsawata wa mai sihirin Samariya da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi (Ayyukan Manzanni 8:20). Haka ma komawa wurin boka ko ɗaura laya a ɓoye. Na ga waɗanda suka je, tsoronsu ninkuwa ya yi, domin yanzu har layar suke tsoron ta ɓace.

Mataki na takwas: rufe rana

Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kuna kan fushi. In akwai saɓani tsakaninka da maiɗakinka ko yara, kashe shi kafin a kwanta, ko da da kalma ɗaya ce. Sannan ka yi abin da hankali ya ce game da tsaro. Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, suka kuma sa masu gadi dare da rana (Nehemiya 4:9). Kulle ƙofa, sa wa waya caji, ajiye tocila kusa, san lambar maƙwabci da ta 'yan sintirin unguwa.

In ka gama wannan, tara iyali minti biyar. Ku rera baiti ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah a kai, a karanta Zabura 4:8 ko Zabura 121. Zabura 3 ma ta dace da dare, Dawuda yana gudun ɗansa Absalom ne a cikinta, duk da haka ya ce ya kwanta ya yi barci ya farka, domin Ubangiji ne yake riƙe da shi.

In ƙarfe biyun nan ta sake samunka ido biyu, kada ka kwanta kana juyi fiye da minti ashirin, kada kuma ka ɗauki waya. Tashi zaune, kunna tocila, rubuta abin da ya tashe ka a littafin, ka sa shi a kashin da ya dace. In na biyu ne, rubuta abin da za ka yi a kai da safe. In na uku ne, faɗi maganar da ka saba faɗa da asuba. Sannan ka koma shimfiɗa kana maimaita ayar da ke cikin aljihunka a hankali, tare da numfashi. Bayan kwana talatin, zauna da abokin addu'arka ku buɗe shafin farko, ku bi jerin nan ɗaya bayan ɗaya, ku ja layi a kan waɗanda suka wuce, ku kwafe sauran zuwa sabon shafi.